Takardar Da Ta Ƙi Komawa Negetib

Ku masu taɓe baki! Ku matso, yau da ku nake. Ƙararku na san ta tun kafin ku shigar, domin babu majalisar da ba a maimaita ta, daga inuwar masallaci har teburin mai shayi. Wai an ɗora bawan Allah a kan ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ya shekara uku yana haɗiya ba fashi, ya koma gwaji, takarda ta fito da fozitib ɗinta yadda ya bar ta. Sai ku tafa hannu ku ce, to ina aikin maganin? Wani cikinku har da ƙarin gishiri, wai likitoci ne suka haɗa baki da masu kemis aka mayar da mutum saniyar tatsa.

Ranku ya daɗe, ƙarar ta yi daɗin ji. Matsalarta ɗaya, shaidar da kuka kawo ba ta wurin lokacin da abin ya faru.

Ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini a jira layi ɗaya ko biyu, abu guda yake nema: wani sinadari da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar, wanda likitoci ke rubutawa HBsAg. Wani Ba'amurke mai suna Baruch Blumberg ya bayyana shi a 1965, bayan ya ci karo da shi a jinin wani ɗan asalin Ostareliya yana neman wani abu daban. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa ce, 28 ga Yuli, aka mayar ranar ciwon hanta ta duniya. Tsinken yana da amfani, amma bai iya ƙirge ba. Wanda ƙwayoyin cutar suka kai miliyan ɗari a ɗan ɗigon jininsa, da wanda tasa ta lafa har na'ura ta kasa ganinta, duk layi biyu zai ba su, ya sallame su tare. Ku kuma da wannan kuke yanke wa magani hukunci.

Ga dalilin da ya sa layin ba ya gushewa. Idan cutar ta shiga hanta, takan kutsa can cikin cibiyar ƙwayoyin halittar hantar ta ajiye asalinta, wani ɗan zobe da ake kira cccDNA. Daga wannan zobe ake kwafo sababbin ƙwayoyin cuta, daga shi kuma ake ƙera ɓawon. Magungunan da ake bayarwa yau, tenofovir da entecavir, wurin kwafin suke tarewa. Ba sa kaiwa ga zoben. Saboda haka hayayyafa takan tsaya, amma ɓawon ya ci gaba da zuba cikin jini, akasarinsa fanko, tsinke kuma ya ci gaba da ganinsa. Manoman cikinku sun san ciyawar kiri-kiri. Ka nome shi yau, jijiyarsa na nan a ƙasa tana jiran ka juya baya. Ba wanda ya taɓa jefar da fartanya don ta kasa kashe jijiyar, tunda muddin ana bi ana nomewa gero zai yi, rumbu zai cika. Wanda ya yi zuciya ya ce ba zai ƙara noma ba sai an kawo masa abin da zai tumɓuke jijiyar a rana ɗaya, da kaka za mu gan shi bakin rumbun maƙwabci.

To da me ake gane magani yana aiki? Da gwajin da ke ƙirga ƙwayar cutar kanta, wanda za ku ga an rubuta HBV DNA, sakamakonsa lamba ce da haruffan IU/mL a gabanta. Da gwajin ALT, sinadarin da ke malalowa cikin jini idan hanta tana cin wuya. Sai kuma duba ko hantar ta yi tabo, ko tabon yana ƙaruwa ko yana ja da baya. A manyan gwaje-gwajen tenofovir da aka wallafa a 2008, bayan mako 48, kashi 93 cikin 100 na marasa lafiyar da ba su da wata alamar jini da ake kira HBeAg ƙidayarsu ta faɗi ƙasa da ma'aunin da aka gindaya, na masu alamar kuma kashi 76. Nawa ne takardarsu ta koma negetib a wannan shekara? A rukunin farko babu ko ɗaya, a na biyu kashi 3. Da ku ne alƙalai, da kun kori maganin tun ranar. Mafi yawan manyanmu a Afirka ta Yamma kuwa cikin rukunin farkon nan suke, wato waɗanda ƙidayarsu ke saurin faɗuwa amma fozitib ɗinsu ya fi na kowa taurin kai.

Na ji wani Bakano daga baya yana cewa, lamba dai lamba ce, shi ribar yake son gani. Madalla, Alhaji, zo mu buga lissafi, na san nan ne kawai ba a cutarka. A Taiwan an bi mutum 3,653 masu ɗauke da cutar sama da shekara goma, aka fitar da sakamakon a 2006. Waɗanda ƙidayarsu ta yi ƙasa har ba a gani, ɗaya da ɗan ɗoriya cikin 100 ne suka kamu da dajin hanta. Waɗanda tasu ta kai miliyan ko ta haura, kusan 15 cikin 100. Duk fozitib ne, lambar ce ta raba su. Kafin nan, a 2004, an wallafa gwajin mutum 651 masu hantar da ta riga ta yi mummunan tabo, aka ba wasu lamivudine, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba a bari gwajin ya kai wa'adinsa ba, domin bambancin ya fito fili har ya zama zalunci a ci gaba da hana rukuni na biyu: rikicewar ciwo ta sami kashi 7.8 a masu shan magani, kashi 17.7 a waɗanda ba sa sha. Daji kuma 3.9 da 7.4. Wannan fa da tsohon magani ne, wanda yanzu an wuce shi.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na 2013. Da can a makarantun likitanci ana koyar da cewa idan hanta ta ƙeƙashe, ta motse da tabo, shi ke nan, ba ta komawa. Sai aka ɗebo ɗan tsokar hantar mutum 348 kafin su fara tenofovir, aka sake ɗebowa bayan shekara biyar. Cikin 96 da hantarsu ta ƙeƙashe tun farko, 71 sun fita daga wannan mataki. Hanta nama ce mai haƙuri, idan aka daina dukanta takan gyara kanta. Akasarin mutanen nan, da za ku ɗiga jininsu a tsinke, layi biyu za ku gani, ku yi musu jaje.

Kada dai wani ya tafi ya ce na ce magani garkuwa ce daga daji gaba ɗaya. Yana rage haɗarin, bai share shi ba. Shi ya sa mai hantar da ta yi tabo, ko wanda daji ya taɓa ɗauke wani a danginsu, ake so ya riƙa yin sikanin ɗin ciki duk wata shida, ko yana jin kansa garau.

Yanzu bari mu zo kan mutuminku, wanda kuka fi yarda da shi. Kun san shi, mai mota da lasifika a ka, yana tsayawa bakin kasuwa, jarka ɗaya tana maganin basir, sanyi, taifot, gyambon ciki da ciwon hanta, ga ragi idan ka sayi biyu. Ƙanensa ya yi boko, shi a Facebook da TikTok yake, yana ɗora takardu biyu gefe da gefe, ta kafin sha fozitib, ta bayan sha negetib. Kuma zan ba ku mamaki: wasu takardun na gaskiya ne. Ba sai ya yi jabu ba, Allah ya riga ya hore masa hanyar cin abinci.

Babban mutum idan ya kamu da cutar sabuwa, ta aska, ta allura, ta jini ko ta saduwa, fiye da 95 cikin 100 jikinsu ne ke korar ta da kansa cikin wata shida. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, abinci ya fita rai, a ce shawara ce. A je asibiti a ga fozitib, hankali ya tashi, wata gwaggo ta ce ta san mai magani. A jiƙa saiwar rawaya, a hana shi mai da nama, a yi ta ɗura masa. Bayan wata uku ko huɗu ya koma gwaji, negetib. Mai magani ya karɓi tukuici da addu'a, garkuwar jiki da ta yi aikin ko sannu ba ta samu ba. Da ruwan randa kawai ya sha, haka takardar za ta fito. Wannan mutum shi ake ɗaukar hotonsa, shi ke rantsuwa a bidiyo, kuma rantsuwarsa ba ƙarya ba ce, ya dai jingina warakar inda ba nan ta fito ba.

Wanda muke magana a kansa daban ne. Jariri idan ya kamu, kusan 90 cikin 100 cutar zama take yi har girma. Akasarin masu ɗauke da ita a ƙasashenmu tun ƙuruciya suka same ta, ko daga uwa wajen haihuwa, ko a shekarun farko: aska ɗaya ta zaga kawunan yaran gida, kaciyar taro, tsaga, cire beli, ƙuraje da raunukan wasa. Shi ya sa likita ba ya cewa ciwon ya zama na zaune sai an ga fozitib sau biyu, tsakaninsu wata shida. Ko a cikin waɗannan ma, kusan ɗaya cikin 100 duk shekara takardarsu kan juya da kanta. Ku haɗa da tsinken gwaji da ya sha rana a kanta har ya lalace, ku haɗa da ALT da ke hawa da sauka don kansa, za ku ga mai jarka ba zai taɓa rasa shaidu ba. Waɗanda suka sha ba su ga komai ba, da waɗanda ciki ya kumbura aka kwantar, su ba a yi musu bidiyo.

Ni ba na faɗa da itatuwa, magunguna da yawa daga cikinsu aka samo. Sharaɗina mai sauƙi ne. Ya kawo mutanen da aka tabbatar fozitib ne sau biyu wata shida tsakani, a ƙirga ƙwayar cutarsu kafin su sha, a sake ƙirgawa bayan sun sha, a ɗakin gwajin da ba na surukinsa ba. Idan ta tabbata, ba sai ya ƙara kwana a bakin kasuwa ba, mutum miliyan 254 ne ke jiransa a duniya, bisa ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, kuma kyautar da aka ba Blumberg tana nan ana bayarwa duk shekara. Kafin nan ku tuna cewa duk abin da aka haɗiya ta hanta yake bi, hantar da ke fama da kanta kuma ba ta bukatar jiƙon da ba wanda ya san ma'auninsa. Haka gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna: gubar aflatoxin da ke cikinsu idan ta haɗu da wannan cuta, haɗarin daji ninkuwa yake yi. Giya kuwa na san duk za ku ce ba ku sha. Waɗanda suka sunkuyar da kai, na gan ku.

Akwai ƙarar da ba a faɗa a majalisa, sai a cikin ɗaki. Hajiya tana shirin ba da wanki ta laluba aljihun maigida, ta ci karo da 'yar kwalba, ta kwafi sunan ta tambayi waya. Waya ta ce tenofovir maganin ƙanjamau ne. Kafin azahar an kira yayarta, kafin la'asar akwati ya sauko daga kan wadirob. Hajiya, a yi haƙuri a mayar da akwatin. Waya ba ta yi ƙarya ba, rabin zancen ta faɗa. An fara amincewa da tenofovir don ƙanjamau a 2001, sai a 2008 aka amince da shi don ciwon hanta na B. Cututtukan biyu ba dangin juna ba ne na kusa, amma wajen kwafar kansu dabara iri ɗaya suke amfani da ita, shi ya sa magani ɗaya ke tare su duka. Saboda haka ne ma likita na gari ba zai fara ba ka shi ba sai ya yi maka gwajin ƙanjamau. Ba zarginka yake yi ba, Malam, ka sauke kafaɗa. Idan mutum yana da ita bai sani ba aka ba shi tenofovir shi kaɗai, ƙwayar ƙanjamau za ta koyi kauce masa, a ɓata maganin da zai bukata gobe. Mai cututtukan biyu kuwa, haɗin nan da ake bayarwa a asibitocinmu, mai tenofovir da lamivudine da dolutegravir, yana riƙe masa duka biyun.

Sai jarumin cikinku, wanda ya sha wata takwas, ya ji ƙarfi, likita ya ce ba a ganin ƙwayar cutar a jini, ya ce alhamdulillahi ya ajiye kwalba. Wannan shi ne wanda ba na iya yi wa dariya sosai. Idan aka janye magani, zoben nan da ke kwance yakan koma aiki, cikin makonni ko 'yan watanni ƙidaya ta yi sama, garkuwar jiki ta farka ta far wa hantar gaba ɗaya. A wasu abin yakan wuce da ɗan tashin ALT. A mai hantar da ta riga ta ƙeƙashe yana iya zama ajali. Gargaɗin yana rubuce cikin takardar da ke cikin kwalin, wadda kuke yarwa tun a ƙofar kemis. Likitoci sukan dakatar da magani ga wasu zaɓaɓɓun mutane bayan shekaru, waɗanda hantarsu ba ta ƙeƙashe ba, amma da gwajin jini a kai a kai, ba don mutum ya tashi da safe ya ji daɗin jikinsa ba. Jin garau ma ba hujja ba ce a wannan ciwo, domin hanta ba ta kuka da wuri. Ranar da ta fara magana, ƙafa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, ko aka yi aman jini, an yi nisa.

Masu cewa ai jiki sabawa yake yi da magani, a nan kuna da ɗan tarihi a bayanku, sai dai labarinku ya tsufa. Lamivudine, da aka fara bayarwa a 1998, bayan shekara biyar kusan kashi 70 cikin 100 na masu shansa cutar ta koyi kauce masa. Entecavir ya zo a 2005: ga wanda bai taɓa shan komai ba, bijirewa kusan kashi 1 ce a shekara biyar, amma ga wanda cutarsa ta riga ta gagari lamivudine, kusan rabi. Tenofovir kuwa an bi mutanen gwajinsa har shekara goma ba a sami bijirewa ba. Saboda haka idan kana kansa ƙidaya ta tashi, likita ba ƙwayar cutar zai fara tuhuma ba, kai zai tuhuma. Zai tambayi kwana nawa kwalbar wata ɗaya take yi maka. Idan tana kaiwa kwana hamsin, ba albarka ce ta sauka a cikinta ba. Bayan kai sai inda ka saya, ko akwai lambar NAFDAC, ko a rana aka shanya shi.

Ƙwaya ɗaya ce a yini, don haka azumi ba uzuri ba ne. Mai tenofovir ya haɗa da sahur ko buɗa-baki, ya tsayar da lokaci ɗaya. Entecavir ne mai ɗan fi'ili, yana son ciki ba komai, awa biyu bayan cin abinci kuma awa biyu kafin na gaba, sai a nema masa gurbi cikin dare. Aibin tenofovir na asali kuma ba a ɓoye shi: a wasu mutane yana taɓa ƙoda, yana rage ƙwarin ƙashi. Shi ya sa ake duba ƙoda kafin a fara da kuma lokaci-lokaci, dattijo ko mai ciwon ƙoda kuma a ba shi entecavir ko sabon samfurin tenofovir da ya fito a 2016, wanda ake kira TAF. Mai son abin da ke da ranar gamawa, akwai allurar interferon, mako-mako har mako 48, da zazzaɓinta da kasalarta, kuma kaɗan ne ke dacewa. Mai cewa maƙwabcinsa ya sha magani wata uku ya warke sarai, ya koma ya tambaye shi harafin. Nau'in C ne, ita ba ta da zoben ɓuya, shi ya sa Masar ta iya yi mata taron dangi. Sunan gida ɗaya suke amsawa, hali kowa da nasa.

Can gefe kuma ga wani yana hura hanci ta ɗaya ɓangaren. Shi an ce masa fozitib ne, ya je da kuɗinsa, likita ya ce ba ya bukatar magani yanzu, ya dawo bayan wata shida ko shekara. Ya fito yana cewa likitan bai san aiki ba, ya wuce kemis ya sayi ƙwayoyin ƙarin ƙarfin hanta na dubban nairori, waɗanda ba sa taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan. Malam, ba kowane mai ɗauke da ita ke bukatar magani ba. Da yawa cutarsu a kwance take, ƙidaya ƙasa, ALT lafiya, hanta sumul. Nasu sa ido ne. Sai dai idan an daɗe da gaya maka haka, ka koma, domin ma'aunin ya sauya. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa ƙofar. Da sai ƙidaya ta haura 20,000 ake magana, yanzu idan ta wuce 2,000 kuma ALT ya haura ƙa'ida, wato 30 ga namiji, 19 ga mace, a fara. Haka wanda hantarsa ta fara tabo, ko mai ƙanjamau ko nau'in C ko D a haɗe, ko wanda dajin hanta ko ƙeƙashewarta ke cikin danginsa. Inda kuma babu halin ƙirga ƙwayar cutar, ALT da ya ƙi sauka ya isa hujja, kuma akwai lissafin APRI da ake yi da gwaje-gwajen jini biyu masu araha don a kimanta tabo.

Inda kuka fi ni gaskiya shi ne kuɗi, kuma a nan ba zolaya. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar. A duniya, zuwa ƙarshen 2022, kashi 13 ne kawai na masu ita suka san suna da ita, kashi 3 ke shan magani, tana kuma kashe sama da mutum miliyan ɗaya a shekara. Farashin da Hukumar Lafiya ta ce a 2024 ana iya samun tenofovir a kasuwar duniya dala 2.4 ne na wata guda. Ku gwada da abin da ake karɓa a hannunku. Gwajin ƙidaya, wanda shi ne zai nuna wa mutum aikin maganin da idonsa, yakan ci kuɗin maganin watanni, sau da yawa kuma sai an tafi babban birni, alhali na'urar GeneXpert da ke gwajin tarin fuka a asibitoci da dama tana iya yin sa idan an sayo mata kayan aikin. Abin da ya fi ciwo, ƙwayar da ake ba mai ƙanjamau kyauta, ita mai ciwon hanta ke saye da kuɗinsa a ɗaya tagar. Mutumin da ba a taɓa nuna masa lambarsa ta faɗo daga miliyoyi zuwa babu ba, tsinke kawai yake iya saye, ba abin mamaki ba ne ya yi zaton ana wasa da hankalinsa. Wannan fushin ku kai shi inda ya dace, wurin masu kasafin kuɗin lafiya, ku ƙyale 'yar kwalbar.

Tun da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, waliyyai sun shigo sahun masu duba takarda. Baba, na ga ka ninke ta ka sa a aljihu kana shirin aika a mayar da lefe. Dakata. Ba a ɗaukar cutar nan ta gumi, ko musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, duk da abin da ake yaɗawa. A gwada ɗayan. Idan ba ya da ita a yi masa rigakafi, allura uku cikin wata shida, a ɗaura aure a ci alkaki. Idan amarya ce mai ita, ranar da ta sami juna biyu a duba ƙidayarta. In ta kai 200,000, ko tana da alamar HBeAg, akan ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na cikin. A wani gwaji da aka yi a Sin kan mata 200, aka wallafa a 2016, an yi wa dukkan jariran allurar kariya, amma cikin waɗanda iyayensu suka sha maganin yadda aka tsara babu wanda ya kamu, a rukunin da iyayensu ba su sha ba kuwa kashi 7 sun kamu.

Jaririn kuma, ko uwarsa tana da ita ko ba ta da ita, allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so. Najeriya ta sa rigakafin cikin na yara tun 2004, amma a nahiyarmu ƙasa da jariri ɗaya cikin biyar ke samun ta ranar haihuwa, domin da yawa a gida ake haihuwa, sai an yi suna, wanzami ya yi aski ya tafi, sannan a tuna da asibiti. Na san wadda za ta tare ƙofa: kakar yaro, da zanenta a ƙirji, tana cewa ba a fita da ɗanyen goyo kafin kwana bakwai, su da suka haifi goma wace allura aka yi musu. Ku gaishe ta da kyau, ku ba ta goronta, ku naɗe yaron ku nemi mai Keke Napep. Idan ta tambayi wanda ya ba ku wannan shawara, ku ce ni ne. Ta zage ni son ranta, jika nake a wurinta, dama akwai bashin tsokana tsakaninmu.